Babi na Biyar: Tafiyar Ƙasa Daga Katuru Zuwa Ƙasar Maraɗi

Katuru gari ne a ƙaramar hukumar Shinkafi, can a kusurwar arewa ta Jihar Zamfara, yankin da ƙasashen Kauran Namoda da Zurmi da Shinkafi suke maƙwabtaka da juna, kuma duk wanda ya sa gabansa arewa daga nan, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai sami kansa a Jamhuriyar Nijar, cikin yankunan Madarunfa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi. Iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar ta kai tsawon kilomita kusan 1,500, daga kwarin kogin Kwara a yamma har Tafkin Cadi a gabas, amma rabon Zamfara a cikinta ɗan kaɗan ne, kuma babu ko ɗaya daga cikin manyan ƙofofin shige da fice da ta faɗo a wannan ɗan yanki. Mai son ƙetarewa da hatimin hukuma a takardarsa sai ya yi gabas ta hanyar Zurmi da Gurbin Ɓore zuwa Jibiya, ya fita ta Magama ya shiga Ɗan Isa, ko kuma ya yi doguwar kewaya ta yamma zuwa Illela da Birnin Ƙonni. Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu akwai gonaki da fadamu da dazuzzuka da ɗaruruwan turbobi na ƙafa da jaki da babur, kuma ta nan ne mutanen ƙauyukan bakin iyaka suka saba bi, kowa da ƙunshinsa a ka ko jakarsa a baya.

Tsarin ruwan yankin shi ne farkon abin da ke hukunta wa matafiyi hanyarsa. Gulbin Gagare yana biyowa ta Kauran Namoda, gulbin Bunsuru kuma ta Zurmi, su je su haɗu a wajen Isa su zama gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuwa, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, yana fita daga Nijeriya ta Jibiya, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ya zuba cikin Rima a ƙasar Sabon Birni. Da damina waɗannan gulabe sukan cika su batse, har su yanke ƙauyuka daga juna, sai an nemi 'yan fito, wato masu ƙetarar da mutane da kaya a kwalekwale don a biya su. Daga kaka zuwa bazara kuwa sukan ƙafe su bar rairayi, wanda ƙafa da kofato suke ratsawa ba wuya, ko da yake yakan riƙe tayar babur, ya kuma gajiyar da mai kaya a ka. Saboda haka lokacin tafiya shi ne rani, bayan an kai amfanin gona gida, kuma hunturu ya fi bazara sauƙi, domin tafiyar rana a watannin Afrilu da Mayu a wannan ƙasa tana bukatar ruwan da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Kafin Turawa su ja layinsu, an daɗe da sanin wannan yanki a matsayin bakin daga. Bayan da mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808, tare da gudummawar Alibawan Zurmi ƙarƙashin Muhammadu Namoda, wanda garin Kaura yake ɗauke da sunansa, sarakunan da aka tuɓe ba su saduda ba, sai suka ja da baya zuwa arewa. Zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina ta zauna a Maraɗi wajejen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan kashin da suka sha a yaƙin Gawakuke na 1836. Daga waɗannan garuruwa biyu aka riƙa kai hari kudu shekara da shekaru, Daular Sakkwato kuma ta mayar da martani da ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa a cikinsu don tsare iyaka. Ƙasar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta watse, gonaki suka koma kurmi, domin ba mai yarda ya kafa bukka a inda mahaya ke wucewa. Wani kaso na dazuzzukan da ake jin sunansu yau, daga Rugu a gabas zuwa Gundumi a yamma, ya yi kauri ne a wannan zamani, kuma wannan batu yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa dajin yankin yakan faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon zaman lafiyar mutanen da ke kewaye da shi.

Matafiyan Turai biyu sun bar bayanin yadda ake ratsa wannan ƙasa a ƙarni na 19. Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, ya biyo ta Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, kuma sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya turo masa mahaya kafin ya ratsa dajin Gundumi. Heinrich Barth, mai laƙabin Abdulkarim, ya taso daga Katsina a watan Maris na 1853 cikin ayarin Galadiman Sakkwato, ya bi ta Zurmi da Badarawa, wadda a yau take ƙaramar hukuma ɗaya da Katuru, ya kuma ratsa Gundumi a tafiya guda ta kimanin sa'o'i 26 ba tare da yada zango ba, saboda tsoron mahayan Gobir da kuma rashin ruwa, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa. Abin lura shi ne babu ɗayansu da ya shiga dajin shi kaɗai, duk da bindigogi da takardun sarakuna da suke ɗauke da su. Dukkansu sun jira ayari, sun bi bayan wanda ya san rijiyoyi, sun kuma yi tafiyar dare. Haka fatake suke yi tun kafin zuwansu: madugu ne shugaban ayari, shi ke yanke ranar tashi da wurin kwana, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan fito da gaisuwa, a kowane zango kuma akwai mai masauki da ke karɓar baƙo, ya adana kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso.

Iyakar da ake gani a taswira yau an haife ta ne a teburin shawara tsakanin Ingila da Faransa, kuma sai da aka sake zana ta sau da dama. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a gaɓar Tafkin Cadi, ba tare da masu sa hannun sun san ƙasar ba. Ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, abin da ya bar Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi a ɓangaren Ingila, ya kuma tura Faransawa can arewa cikin ƙasar da ba ta da rijiyoyin da ayarin soja zai dogara da su tsakanin Kwara da Damagaram. Ƙorafin Faransa kan hanyar ruwa shi ya jawo gyaran 1904 da yarjejeniyar 1906, wadda ta sauko da layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasa tana kafa alamomi, guda 148, aka kuma tabbatar da aikin a 1910. A wannan sashe layin ya yi kusan dacewa da tsohuwar daga, domin ya bar ƙasashen da suka bi Sakkwato a kudu, waɗanda suka ƙi ta kuma a arewa, sai dai ya raba Gobir gida biyu, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila, Tsibiri a hannun Faransa.

Abin da mulkin mallaka ya kawo wa matafiyi, ba da nufin kyautata masa ba, shi ne ƙarshen hare-haren mahaya. Da yaƙi ya kwanta, manoma suka fito daga cikin ganuwa suka sare daji suka kafa tungaye da ƙauyuka a ɓangarorin biyu, auratayya ta ƙaru, kasuwannin mako suka haɗe da juna. Bambancin mulkin biyu ma ya zama dalilin tafiya, domin aikin tilas da tsananin haraji a ƙasar Faransa, wanda ba a soke aikin tilas ɗin ba sai a 1946, sun sa iyalai da dama sun sulale kudu cikin dare sun zauna wurin danginsu. Isowar layin dogo Kauran Namoda daga Zariya ta Funtuwa da Gusau a 1929 ta ƙara jan mutane, saboda nan ne ƙarshen layin, nan ake tara gyaɗa da auduga da fatu, nan kuma mutumin Gobir ko Adar da ya taka da ƙafa yake fara ganin jirgin da zai kai shi Zariya ko Ikko. A waɗannan shekaru ne ci-rani ya kafu a matsayin al'ada, wato fitar da manomi ke yi bayan girbi don neman kuɗi ko karatu a wata ƙasa, ya rage wa rumbun gida baki, ya dawo kafin shuka.

Ɗan ci-rani da almajiri da ƙaramin falke su ne ainihin masu tafiyar jaka a baya a wannan iyaka, kuma kayansu sun nuna irin ilimin hanyar da suka gada. Mutum yakan ɗauki tabarma ko buhun shimfiɗa, da bargo saboda sanyin asuba, da buta, da gorar ruwa wadda a yau jarka ko robar lemo ta maye gurbinta, da guzurin da ba ya lalacewa kamar ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino da dunƙulen fura. Almajiri yana ƙarawa da allo da gafakar Alƙur'ani. Ba a cika ɗaukar abin da ya wuce haka ba, domin matafiyi ya dogara ne da cewa a kowane ƙauye akwai masallaci ko zauren mai gari da zai kwana, akwai kuma gidan da zai fito da tuwo idan aka ce baƙo ya sauka. Ladabin saukar ma sananne ne: baƙo ya fara gaida mai gari ko liman, ya faɗi garinsu da gidan da ya fito da inda ya nufa, kuma sau da yawa kafin a gama gaisuwa an gano wani da ya san mahaifinsa ko surukinsa. Da safe a nuna masa turba, a faɗa masa rijiya ta gaba da sunan wanda zai nema a can. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan ƙasa maganar tana da ma'ana ta zahiri, domin turbobin ba su da allon kwatance, kuma sukan sauya daga shekara zuwa shekara gwargwadon inda aka noma da inda ruwa ya ci.

Shi kansa layin iyaka, mai tafiyar ƙafa yakan wuce shi bai sani ba. Harshe ɗaya ne, da karin Gobirci da Katsinanci da Zamfarci da ke narkewa cikin juna, gero ɗaya ne a gona, ginin rumbu iri ɗaya. Alamun da ke shaida wa mutum ya shiga Nijar su ne tutar makarantar boko da rubutun Faransanci a allonta, da kakin jandarma, da kalmomin da suka shigo daga Faransanci, irin su duwan a madadin kwastan da lakwal a madadin makaranta, sai kuma lissafin kuɗi. Ana ƙirga sefa da dala, kowace dala tana daidai da faran biyar, jaka guda kuma faran dubu ce, saboda haka baƙon da bai saba ba yakan rikice a cinikinsa na farko. Naira tana karɓuwa a kasuwannin ƙauyukan bakin iyaka na ɓangaren Nijar, 'yan canji kuma suna zaune a kowace babbar kasuwa, kuma hawa da saukar darajar kuɗin biyu shi ke juya akalar kaya, wata shekara hatsi ya yi arewa, wata shekara mai sayen ya rasa riba ya zauna gida.

Kasuwar Shinkafi, mai ci ranar Alhamis, ita ce cibiyar wannan zirga-zirga a arewacin Zamfara. Daga Nijar ake koro shanu da raƙuma da tumaki, a kawo wake da aya da kanwa da dabino, daga nan kuma a ɗauki gero da dawa da masara da takin zamani da kayan masana'antu. Kusa da wannan halastaccen ciniki akwai fasa-ƙwauri, wanda ya ginu a kan bambancin farashi da dokokin ƙasashen biyu: fetur mai tallafi ya riƙa fita a jarkoki bisa babura, har zuwa cire tallafin a watan Mayu na 2023, shinkafar waje da gwanjo da suka sauka a tashar Kwatano kuma sun riƙa shigowa ta Maraɗi. Masu babura da suka ƙware a ɓarauniyar hanya, wato turbar da ke kauce wa shingen jami'ai, su ne suka gaji aikin jagoran ayari, kuma mai tafiya yakan biya su don su kai shi ƙauye na gaba.

A bisa doka, ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ba ya bukatar biza. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Amma gwamnatoci sun sha rufe iyakar. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe ta a 1984, daidai lokacin fari, ba a buɗe ba sai a 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. An sake rufewa a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka haɗa da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ɓangarorin biyu sun bayyana cewa za a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga ba biza. A duk waɗannan rufe-rufe, tireloli ne suka yi layi a Magama da Illela, turbobin daji kuwa ba su daina aiki ba, sai dai kuɗin babur ya ninka, shingaye suka yawaita, kuma talakan da zai je jana'izar ɗan'uwansa ya zama mai laifi a idon doka. Wannan hukunci ne da ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya kuma koya wa jama'a cewa hanyar daji ta fi ƙofar hukuma tabbas.

Abin da ya gagari rufe iyaka, 'yan bindiga sun yi shi. Tun daga wajejen 2011 rikicin da ya faro da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji, dazuzzukan Dumburum a ƙasar Zurmi da Sububu a yamma da Shinkafi suka zama sansanoni, sunan ɗan bindiga Bello Turji kuma ya mamaye ƙasar da ke tsakanin Shinkafi da Isa da Sabon Birni. Turbobin da suka ɗauki ɗan ci-rani su ne suke ɗaukar makamai da shanun sata, dajin Baban Rafi da ke ɓangaren Madarunfa ma bai tsira ba. A 2019 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutane fiye da 40,000 da suka tsere daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara da suka taka da ƙafa, kuma ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara karɓarsu a gidajensu, kafin a matsar da wasu can ciki zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Tsohuwar al'adar saukar baƙo ce ta ɗauki wannan nauyi tun kafin agajin waje ya iso, kuma ya kamata a rubuta wa talakawan Gobir da Katsinar Maraɗi wannan alheri. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta kuma taƙaita sayar da fetur, matakan da suka tsayar da kasuwar Shinkafi na wani lokaci. A Disamba na wannan shekara aka ƙone motar matafiya da suka taso daga Sabon Birni da mutanenta a ciki, a kusa da ƙauyen Gidan Bawa.

Sakamakon haka tsarin tafiya ya koma kusan yadda Barth ya same shi. Motoci sukan taru su jira rakiyar soja a hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya, direba ba ya tashi sai ya bugi waya ya ji labarin hanya, ba a tafiyar yamma, kuma ƙauyukan da suka watse sun bar gonakinsu suna komawa daji. Asara mafi girma ita ce ta amana, domin baƙon da a da ake yi wa shimfiɗa a zaure, yanzu ana iya zarginsa da kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma Bafulatani mai tafiya shi kaɗai yana tsoron 'yan sa-kai kamar yadda Bahaushe yake tsoron mutanen daji. Ga baƙon ƙasar waje mai yawon buɗe ido da jaka a baya, maganar gajera ce: gwamnatocin Ingila da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je Zamfara, kuma gargaɗin yana kan gaskiya.

Mutanen Katuru da maƙwabtansu ba su da zaɓin da baƙo yake da shi, domin suna da 'ya'ya da ke aure a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, suna da bashi da gado da kasuwa a can. Sabon layin dogo da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, zai bi ne ta Katsina da Jibiya, tsohon layin Kauran Namoda kuma ya shekara da yawa ba ya aikin da aka gina shi dominsa, saboda haka babu wani babban aiki da ke tafe da zai sauƙaƙa wa wannan yanki. Bukatarsa ba ta kai girman layin dogo ba: tsaro na dindindin a kan hanyoyin Kaura zuwa Shinkafi da Isa da ta Zurmi zuwa Jibiya, sintirin haɗin gwiwa da dakarun Nijar wanda saɓanin Abuja da Yamai ba zai dakatar ba, da ƙaramar ƙofa ta hukuma a arewacin Zamfara inda manomi zai nuna katinsa ya wuce da rana tsaka. Alhakin samar da waɗannan yana wuyan gwamnatocin ƙasashen biyu da na jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma jinkirinsu ya riga ya yi yawa.